Yadda Ake Sayen Agogon Nutso Na Asali a Saudiyya Ba Tare da An Yi Asara Ba

Duk wanda ya zauna a Jidda ko Makka ya san cewa da zarar lokacin aikin Hajji ko Umara ya gabato, saƙonni kan fara zuwa daga gida, wannan yana son turare, wancan yana son jallabiya, wani kuma ya aiko da kuɗi masu kauri ya ce a nemo masa agogon nutso na Rolex. Wannan saƙo na ƙarshe shi ne mai haɗari, domin agogon nutso, wato wanda aka ƙera don masu shiga ƙarƙashin teku, yana cikin kayan da aka fi yi wa jabu, kuma jabun yanzu ya kai matsayin da ido kaɗai ba ya iya raba shi da na asali.

Kafin mutum ya taka ƙofar kowane kanti, ya kamata ya tsayar da agogon da yake so har zuwa lambarsa. Rolex Submariner da Blancpain Fifty Fathoms duk sun fito ne a 1953, Omega ta fitar da Seamaster Diver 300M a 1993, Tudor kuma ta kawo Black Bay a 2012, kuma kowannensu yana da nau'o'i da yawa waɗanda kuɗinsu ya bambanta ƙwarai. Submariner na ƙarfe mai nuna kwanan wata wanda ya fito a 2020, alal misali, lambarsa 126610LN ce, faɗinsa milimita 41, yana jure zurfin mita 300, ɗan'uwansa marar kwanan wata kuwa 124060 ne. Wanda ya riƙe wannan lamba ba za a miƙo masa tsohon yayi a kuɗin sabo ba. Namiji Musulmi kuma ya tambayi ƙarfen da aka yi agogon da shi, tunda akwai masu zinariya zalla da masu haɗin zinariya, alhali an hana maza sa ta.

Ma'aunin farashi shi ne kuɗin da kamfanin da kansa ya sa wa dilolinsa su sayar a kai. Sabon Submariner na ƙarfe mai kwanan wata ya haura dala 10,000, kuma da yake an ɗaure riyal a kan 3.75 ga kowace dala, lissafin ba shi da wuya, sai dai a tuna da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a Saudiyya tun watan Yulin 2020. Matsalar ita ce dilan Rolex ba kasafai yake da wannan agogo a ajiye ba, sai dai ya rubuta sunanka ka jira, shi ya sa 'yan kasuwar bayan fage suke ɗora riba a kansa. Wannan riba ta yi tashin gwauron zabo a farkon 2022, daga baya ta sauko sosai, don haka kada ka yarda a yi maka ciniki da farashin wancan lokaci. Omega da Tudor kuwa akasari ana samunsu a kanti, na hannu ma yakan faɗo ƙasa da kuɗin sabo, kuma a ganina wanda yake son agogon sawa kullum, ba na nunawa a wurin biki ba, Tudor ta ishe shi a ƙasa da rabin kuɗin Submariner. Dubi abin da ake sayar da lambar da kake so a Chrono24, shafin intanet na cinikin agogo, kafin ka taya. Idan aka sallama maka a rabin wannan kuɗi, tashi ka bar wurin, domin araha ba ta ado.

Mai sayarwa ya fi agogon kansa buƙatar bincike. Dilan da kamfani ya amince da shi za ka ga sunansa da adireshinsa a shafin intanet na kamfanin, kuma a nan ne kaɗai ake samun garantin shekara 5 da Rolex da Omega suke bayarwa a kan sabon agogo. Idan na hannu za ka saya, nemi kanti mai rajistar kasuwanci wanda zai ba ka fatura, wato rasidin ciniki, mai ɗauke da alamar QR, a rubuta lambar nau'in agogon da lambarsa ta musamman a cikinta, da sharaɗin cewa za a mayar maka da kuɗinka idan ya zama jabu. Da wannan takarda kake iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar waya 1900. Wanda ka gamu da shi a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ko Instagram, ya ce ku haɗu a bakin titi bayan sallar Isha'i, ba ka da inda za ka kama shi gobe. Dillali kuma, ko da ɗan garinku ne, a yanke la'adarsa a fili tun farko.

Akwai abubuwan da za ka iya dubawa da kanka. A Rolex na zamani, ƙaramin gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lambar sau biyu da rabi, an zana ɗan ƙaramin kambi a jikin gilashi daidai ƙarfe 6 wanda da ƙyar ake ganinsa, lambar agogon ta musamman kuma tana rubuce a zoben ciki, kuma dole ta yi daidai da wadda ke jikin katin garanti. Zoben waje mai lambobin minti ya kamata ya juya ta gefe ɗaya kawai, hagu, ba tare da girgiɗi ba, saboda idan ya goce a ƙarƙashin ruwa ya nuna wa mai nutso cewa lokacinsa ya ragu ne, ba ƙaruwa ya yi ba. Sai dai masu yin jabu sun iya kwaikwayon duk waɗannan, har da akwati da kati, don haka kammaluwar takardu ba hujja ba ce.

Hujjar tana cikin injin. Ka ɗauki mai sayarwa ku je wurin ƙwararren mai gyaran agogo wanda kai ka zaɓa, a buɗe bayan agogon a gabanku, a duba ko an sauya fuska ko hannaye ko wani sashe da kayan da ba na kamfani ba, sannan a ɗora shi a na'urar auna tafiya. Rolex ta yi alkawarin cewa agogonta ba zai wuce daƙiƙa 2 gaba ko baya a yini ba, don haka wanda yake sauri da daƙiƙa 15 ko dai jabu ne ko kuma yana neman gyara, wanda ya kamata a cire daga kuɗinsa. A duba kuma ko an goge jikinsa har kusurwoyinsa sun lalace, domin hakan ma yana rage masa daraja. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a buɗe, ya riga ya ba ka amsa.

Bayan an rufe bayan, a gwada shi a na'urar matsin ruwa kafin ya taɓa teku, tunda robar da ke hana ruwa shiga tana bushewa da zafi irin na Jidda. Idan kana shiga Bahar Maliya a Abhur, ka tabbata ka murɗe maɓallin saitin lokaci ya zauna daram kafin ka shiga, ka kuma ɗauraye agogon da ruwan famfo bayan ka fito. In kuwa saƙo ne za ka aika gida, ka ɗauki hoton fatura da katin garanti da lambar agogon ka ajiye, ka ba wanda ka amince da shi ya riƙe shi a jakar hannu, ba a cikin kayan awo ba.