Kurakuran da muke yi wa jikinmu a lokacin hutu, da yadda za a gyara su

Duk shekara idan hutun Babbar Sallah ya ƙare muka koma bakin aiki, gaisuwar ɗaya ce: "An yi Sallah lafiya?" Amsar ma ɗaya: "Lafiya ƙalau, sai gajiya." Mutum ya kwana biyar ko mako guda bai leƙa ofis ko shago ba, amma ya dawo baya a riƙe, ciki a kumbure, ido jawur. Abin yana damuna, domin hutun nan da muke ɗoki wata da watanni ya kamata ya mayar mana da ƙarfi ne. Kurakuran da ke jawo haka ba su da yawa, kuma kusan duk gyaransu ba ya cin ko sisi.

Tun a mota ake fara ɓata lamarin. Mai tafiya daga Abuja zuwa Kano zai shafe sa'o'i a zaune, na Legas kuwa wuni da kwana. Mutane da yawa, musamman mata, suna ƙin shan ruwa don gudun fitsari a hanya, sannan ko an tsaya shan mai ba sa sauka, wai kada a ɗauke musu wuri ko kaya. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman tafiya na sa'a 4 ko fiye yana kusan ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Saboda haka duk inda direba ya tsaya, ko don sallah ko don mai, ka sauka ka taka ko da zagaya motar ne. A zaune ma kana iya ɗaga dunduniya kana saukewa, kana jujjuya idon sawu. Ruwa kuma a sha, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan bayan tafiya ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa na zafi, ko numfashi ya fara sama-sama, wannan ba na man zafi da tausa ba ne, asibiti za a nufa a ranar.

Sai babban kuskuren, wato ɗaukar hutu a matsayin kwanciya. An isa gida, an shimfiɗa tabarma a zaure ko an baje a kujerar falo, daga nan sai kiran sallah ke tayar da mutum. Kwana ɗaya na ramuwar barci ba laifi, jiki na da haƙƙi. Amma idan aka jera kwanaki a haka gaɓoɓi sukan sandare, abinci ya daina narkewa da kyau, barcin dare ya gagara. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Idan ka raba, rabin awa ne a kwana biyar. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ka iya yin hira a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba.

A ganina gyaran wannan yana cikin al'adarmu, mu ne muka sake shi. Da, yawon Sallah a ƙafa ake yi: daga gidan Goggo zuwa na Baffa, a ratsa lungu, a tsaya a gaida tsofaffin ƙofar gida, a wuce. Yanzu gidan da bai fi tafiyar minti goma ba sai an tare A Daidaita Sahu. Ka ware gidajen da ke kusa ka bi su da sayyadarka, za ka cika rabin awar ba tare da ka ji ba, kuma za ka gaisa da mutanen da gilashin mota yake raba ka da su. Ai dama cewa aka yi zumunci a ƙafa yake. Wanda ke Kano ya ɗauki yara da sassafe su hau Dala ko Goron Dutse, na Zariya ga Kufena. Ko masallacin da ya ɗan fi nisa ka zaɓa don sallar asuba, ya wadatar a matsayin mafari.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen. Mutum ya shekara yana zaune a kan tebur, ya zo gida ya ga samarin unguwa na buga ƙwallo da yamma, sai ya tuna zamaninsa ya tuɓe riga ya shiga. Na ga wani abokin yayana, ya haura arba'in, ya yi haka washegarin Sallah. Minti goma bai cika ba ya zabura zai tari ƙwallo, muka ji ƙas, ya zube yana waige yana tambayar wa ya doke shi ta baya. Babu wanda ya taɓa shi, agararsa ce ta tsinke. Watanni ya yi yana dogara sanda. Idan za ka shiga, ka fara ɗumama jiki na minti goma da tafiya da sassarfa, ka buga kaɗan ka fito tun da sauran ƙarfinka. Ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi kuwa alama ce ta tsayawa nan take. Lokaci ma a duba shi: a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, don haka bayan asuba ko dab da magariba ne lokacin fita. Da hunturu mai asma ya rufe hanci, ya bari ƙura ta lafa.

Batun ci ba sai na tsawaita ba, kowa ya san yadda ake yi: soyayyen nama da safe, da rana, da dare, kowane gida ka shiga a dire maka kwano da lemo mai sanyi. Ƙin karɓa rashin ladabi ne, na sani, amma ba dole sai ka ga ƙarshen kwanon ba. Ɗauki tsoka biyu, ka sa albarka, ka nemi ruwa. Kwalbar lemo ta roba guda ɗaya tana iya ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne kusan iyakar abin da ake so babba ya sha a wuni. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin ɗanɗanon miya da yajin nama. A haɗa da zogale, rama, kabeji ko kokwamba, sannan bayan cin abinci mai nauyi a taka na minti goma zuwa sha biyar maimakon a kishingiɗa. Wannan 'yar tafiyar tana taimakawa wajen rage hauhawar sukari a jini.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ajiye magani. Wata Sallah na lura kawuna yana ta dafe ƙeya tun safe. Na ce, "Kawu, ka sha maganin hawan jininka kuwa?" Ya ce, "Ai na baro shi a Kaduna, ɗan nan. Kwana huɗu ne fa, kuma lafiyata ƙalau." Da ƙyar na lallaɓa shi muka je aka auna, sai ga jinin ya yi hawan da mai awon ya ce kada mu koma gida, mu wuce asibiti. Allah ya taƙaita. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, kuma lokacin da ake ɗura gishiri da maiƙo ana kwana hira shi ne lokacin da aka fi bukatar maganin. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya sa maganinsa a aljihu ko jakar hannu tun kafin ya ninke kayan Sallah, da rarar kwana biyu ko uku ko tafiya za ta ƙara tsawo.

Sannan mu maza mu faɗi gaskiya: a gidaje da yawa mata ba sa samun hutun nan sam. Tun jajibiri suna durƙushe gaban murhu, ga suya, ga wanke-wanke, ga baƙi. Wannan ba motsa jikin da ke gina lafiya ba ne, wahala ce mai karya ƙugu. A raba aikin, samari su ɗauki yankan nama da ɗiban ruwa, a samar musu kujera 'yar tsugune ko tebur, su ma su samu sararin fita gaishe-gaishe da barcin kirki. Babba na bukatar aƙalla sa'a 7 na barci, kuma wayar da ake latsawa har ƙarfe biyun dare ita ke cinye shi, ga maza da mata baki ɗaya.

Yara kuwa, daga shekara 5 zuwa 17, awa guda ta guje-guje suke bukata kullum. Kada a miƙa musu waya don a samu shiru. A bar su su yi langa, 'yar gala-gala, tsallen igiya da wasan ɓuya a inda ido ke kansu. Abu ɗaya ne zan ja kunne a kai, musamman a dogon hutun damina idan an kai su ƙauye: wanka a kududdufi da bakin dam. Ban da haɗarin nutsewa, a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, tsutsarta na fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata. Idan bayan an dawo yaro ya fara fitsari da jini, ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke cewa. A kai shi asibiti a gwada fitsarin, maganinta yana nan kuma ana warkewa.