Yadda ake gwada juriyar tsagewa a rufin kare zafi da bakin Vickers

Duk ɗalibin da ya kawo mani sakamakon da bai yi kama da gaskiya ba a nan Damagaram, ba na fara duba lissafinsa. Samfurin nake cewa ya miƙo. Yawanci tun a wurin yanka aikin ya lalace.

Rufin kare zafi da ake fesawa a fuka-fukin turbin (injin da iskar gas mai zafi ke juyawa), wato tangaran na zirkoniya mai itiriya kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, kaurinsa bai cika wuce mikron 300 (milimita 0,3) ba, kuma cike yake da ƴan ramuka da tsagu tun daga fesawa. In ka ɗora masa zarto haka nan, ka ƙara masa wasu tsagun da hannunka, gobe ka auna su ka ce na gwaji ne. Don haka fara jiƙa shi da ƙaron epoksi cikin tukunyar zuƙe iska, ƙaron ya shiga ramukan. Kada ka haɗa ƙaro da rana tsaka a watan Afrilu. Zafin nan zai daskarar da shi kafin ya ratsa. Da sassafe nake yi, in bar shi ya kwana. Na san epoksi da tsada, amma samfurin ya fi shi tsada.

Yanka da zarton lu'ulu'u, a hankali, bakin zarton ya shiga ta wajen rufin ya nufi ƙarfen. In ka juya shi, ɓamɓare rufin zai yi. Sai guga, kana sauka har man lu'ulu'u na mikron 1, hannu sako-sako. Lokacin hunturu rufe faifan guga da leda duk sanda ka tashi. Na taɓa rasa aikin kwana biyu saboda ƙwayar rairayi guda da ta ja layi daga wannan gefe zuwa wancan.

Yanzu danna da bakin Vickers, wato lu'ulu'u mai siffar dala da ke barin tambari mai kusurwa huɗu. A tsakiyar kaurin rufin, nauyin kilo 1, daƙiƙa 15, kusurwa ɗaya ta tambarin ta yi daidai da layin da rufi ya haɗu da ƙarfe. Tsagun da ke fitowa daga kusurwoyin tambarin za su bi wannan layin su yi tsawo, na tsaye kuwa da ƙyar su fito. Haka rufin fesawa yake, ba laifinka ba ne. Dannawa goma aƙalla, nesa da juna, kuma wadda gefenta ya farfashe ka watsar. Auna a ranar, daga tsakiyar tambarin zuwa ƙarshen tsaga, shi ne c.

Lissafin Anstis na 1981 nake bi: K = 0,016 (E/H)^½ P/c^1,5, inda K ke nufin juriyar tsagewa, E ma'aunin ƙagewar rufin (Young's modulus), H taurinsa, P kuma ƙarfin dannawa. In c bai kai ninki biyu da rabi na rabin tsawon tambarin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ba, koma lissafin Niihara. Kuma kada ka ɗauko E na 200 GPa daga littafi, wannan na zirkoniya marar rami ne. Na rufin fesawa ya yi ƙasa da haka nesa, sai ka auna naka.