Yadda Ake Daidaita Python da Node a Kan MacBook Mai M1 Zuwa Sama

Tun watan Nuwamba na 2020 da Apple ya fito da furosesar M1, kwamfutocin MacBook suka fara barin x86_64, harshen da furosesar Intel ke ji, suna komawa arm64. Manhajar da aka gina wa Intel ba ta tashi a kansu sai da tafinta, wato Rosetta 2. Tafintan nan ya iya aikinsa, har mutum ya yi watanni bai san Python ɗinsa ta Intel ba ce. Asiri yana tonuwa ne ranar da aka ɗora mata ƙunshi (package) na arm64, domin shiri guda ba ya haɗa harsunan biyu. Sai ka ga kuskure mai cewa `incompatible architecture`.

Da farko, buɗe Terminal ka rubuta `uname -m`. Idan ta ce `arm64`, madalla. Idan ta ce `x86_64` alhali na'urarka sabuwa ce, to Terminal ɗin kanta a ƙarƙashin Rosetta take. Danna mata Get Info a cikin Finder, ka cire alamar Rosetta, ka sake buɗe ta.

Sannan ka tambayi kowane yare, wato Python da Node, da bakinsa:

`python3 -c "import platform; print(platform.machine())"`

`node -p process.arch`

Amsar da kake nema ita ce `arm64`. Node kan ce `x64` idan ta Intel ce.

Mataki na uku shi ne Homebrew, manhajar da ake girka wasu manhajoji da ita daga Terminal, kuma a nan nake so ka natsu, don a nan yawancin mutane ke faɗawa rami. Homebrew ta Intel tana zama a `/usr/local`, ta arm64 kuwa a `/opt/homebrew`. Wanda ya kwaso kayansa daga tsohuwar Mac da Migration Assistant, to ya kwaso har da tsohuwar Homebrew, da duk abin da ta girka masa. Rubuta `which brew`. Idan `/usr/local` ta fito, girka sabuwa, ka sa `/opt/homebrew/bin` a farkon PATH ɗinka (jerin foldojin da Terminal ke neman manhajoji a ciki) cikin fayil ɗin `.zprofile`, sannan ka sake girka yarukan. Kada ka yi gaggawar goge tsohuwar sai ka tabbatar ayyukanka suna tafiya.

Ka kuma lura da sigar da aikinka ke buƙata. Python ta fara goyon bayan M1 daga 3.9.1, yaren Go daga 1.16, Node ta fara fitar da ginanniyar sigar arm64 ta Mac daga 16 a Afrilun 2021, OpenJDK na yaren Java kuma daga 17.

Bayan haka, goge foldar `venv` da `node_modules` na kowane aiki, ka gina su sabbi. Gyara yaren kaɗai bai isa ba muddin tsofaffin ƙunshin Intel suna kwance a ciki.

Akwai aikin da ba ya rabuwa da tsohuwar siga, kamar wanda ya maƙale wa Node 14. Shi kam a ware masa ɗakinsa. Girka tafinta da `softwareupdate --install-rosetta`, shiga da `arch -x86_64 zsh`, ka girka komai nasa daga nan ciki, kada ka taɓa shi daga wata taga. A Docker kuma, wato manhajar da ke gudanar da aiki cikin keɓaɓɓen akwati, ka ƙara `--platform linux/amd64`. Amma shawarata, ka fara shirin ɗaga sigar tun yanzu, domin a 2025 Apple ya sanar cewa cikakken goyon bayan Rosetta 2 zai tsaya ne a macOS 27.