Yadda Ake Shuka da Kula da Lambun Haya a Ingila Daga Maris Zuwa Mayu

Wanda ya taso a ƙasar Hausa ya saba da cewa ruwan sama ne ke ba manomi izinin shuka. A Ingila ruwa ba ya wuya, wani lokaci ma yawansa ne matsalar. Abin da mai lambu ke jira a nan shi ne ƙasa ta ɗauki ɗumi, raɓar da ke daskarewa da dare kuma ta daina ƙona ganye. Wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin wahalar, domin mafi yawan asarar da sabon mai lambu ke yi tsakanin Maris da Mayu gaggawa ce ke jawo ta.

Lambun da nake nufi shi ne wanda ake kira alotmen, ɗan filin da ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya ke ba mutum haya shekara-shekara don ya noma abin da zai ci da iyalinsa. Tsohon tsari ne. Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da irin waɗannan filaye idan mazauna yanki sun nema, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yawansu ya haura miliyan ɗaya. Cikakken fili yakan kai kimanin murabba'in mita 250, amma yanzu an fi ba da rabi. Birnin Birmingham kaɗai yana da wuraren lambu sama da 100. A Landan kuwa mutum na iya shekaru yana jiran layi, don haka ka rubuta sunanka a shafin ƙaramar hukumarku tun kafin ka gama shawara. Ka sani kuma ba a ba da filin don kasuwanci ba, sannan idan ka bar shi ya zama daji za a aiko maka da takardar gargaɗi, daga baya a karɓe.

Mataki na 1: Ka san ƙasarka kafin ka taɓa ta

A farkon Maris ka je ka damƙi ƙasa a tafin hannu. Idan ta dunƙule tana sheƙi tana manne wa yatsu, laka ce mai riƙe ruwa, irin wadda ta cika yankin Landan. Idan ta warwatse, mai yashi ce, tana saurin ɗumi tana kuma saurin bushewa. Laka tana da albarka ƙwarai, sai dai ba ta son a taka ta tana jiƙe. In ka ga tana bin takalminka, koma gida, ranar aiki ba ta zo ba. In ya zama dole ka ratsa, shimfiɗa katako ka bi ta kansa.

Yawancin iri ba ya tsirowa sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 7. Ba lallai ka sayi ma'auni ba: da zarar ka ga ƙananan ciyayi sun fara ɓullowa da kansu, ƙasa ta farka. Mai son ya gaggauta kaɗan sai ya rufe fangalin da baƙar leda na mako biyu ko uku kafin shuka.

Mataki na 2: Sharar fili, kuma a nan ne aikin yake

Da wuya a miƙa maka fili mai tsabta. Wanda ya bari yakan bar shi ne bayan ya gaza, sai ka gaji ƙaya da tsofaffin katakai da ciyawa mai jijiya. Shawarata, wadda nake ba kowa da zuciya ɗaya, ita ce kada ka ce za ka gyara duka a shekarar farko. Ɗauki kashi ɗaya cikin uku ka gyara shi da kyau. Sauran ka sare ciyawar, ka rufe da kwali ko baƙar leda mai kauri, ka danne da duwatsu. Duhu zai yi maka aikin da fartanya ba za ta iya ba.

Akwai ciyayi uku da ke karya gwiwar mutane a nan. Ɗaya tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa da fararen jijiyoyi, halinta sak na kiri-kiri: ka yanka ta gida goma, ka samu tushe goma. Ta biyu mai yaɗo ce da farin fure, tana nannaɗe duk abin da ta samu ta shaƙe shi. Ta uku tana da gaɓa-gaɓa da siraran ganye, jijiyarta tana nutsewa fiye da mita ɗaya. Saboda waɗannan, kada ka yarda wani ya lallashe ka ka ɗauko injin kaftu ya bi filin. Injin zai daddatsa jijiyoyin ya baza su ko'ina, filin ya yi kyau mako uku, sannan ya dawo ya fi da muni. Shebur mai yatsu za ka ɗauka, ka ɗaga ƙasa a hankali, ka tsince jijiya da hannu. Abin da ka tsinto kada ya shiga ramin takinka. Ka shanya shi ya bushe ƙurmus ko ka jiƙa shi a bokiti har ya ruɓe.

Akwai hanyar da ba a kaftu ko kaɗan, wadda Charles Dowding, wani mai lambu a Somerset, ya shahara da koyarwa. Ana shimfiɗa kwali a kan ciyawar da aka sare, a cire masa salatif da ƙusoshi, a zuba ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 10 zuwa 15 a kai, a shuka a cikin takin kai tsaye. Tsutsotsin ƙasa su ne ke gauraya komai. Ni na fi son wannan hanyar ga mai aikin ofis da mai ciwon baya. Tsadarta ɗaya ce, takin da take ci a shekarar farko.

Game da takin, a yi hattara da kashin doki ko na shanu da ake kawowa kyauta. Wani lokaci dabbar ta ci ciyawar da aka fesa wa wani maganin da ake kira aminopyralid, wanda ke ratsa cikinta ya fito da ƙarfinsa, ya nannaɗe ganyen tumatir da wake da dankali. Gwajin mai sauƙi ne. Cika tukunya da takin, shuka wake, ka jira mako uku. In ganyen ya fito a miƙe, ka yi amfani da shi. Ɗanyen kashi kuma a bar shi ya shekara tukuna.

Mataki na 3: Raba filin

Ka yi fangali masu faɗin da hannunka zai kai tsakiya daga kowane gefe, wajen mita 1.2. Ka raba su huɗu: dankali, dangin wake, dangin kabeji, sai albasa da karas. Kowace shekara kowa ya matsa gaba. Dalilin shi ne cututtukan da ke kwana a ƙasa, musamman wadda ke kumbura saiwar kabeji, wadda kan yi shekaru da yawa ba ta mutu ba. Ka zana wannan a littafi, don baɗi za ka manta.

Mataki na 4: Abin da ke jure sanyi, Maris zuwa Afrilu

Dankalin Turawa shi ne abokin sabon fili, domin yawan ganyensa na danne ciyawa. Sayi irin da aka tanada don shuka, kada ka ɗauko na kanti. Tun Fabrairu ka jera shi a kwalin ƙwai kusa da taga mai haske, inda babu zafi, idanunsa suna kallon sama, har ya fitar da gajerun tsiro masu kauri. Mai saurin nuna ana binne shi a ƙarshen Maris a kudancin ƙasar, zurfin santimita 12, tazarar santimita 30, a haƙe shi bayan mako 10 zuwa 12. Na ajiya yana shiga ƙasa daga tsakiyar Afrilu, da tazara mai ɗan yawa. Da ganye ya fito ka riƙa yi masa huɗa, kana jawo ƙasa a gindinsa. Huɗar tana kare tsiron daga sanyin dare, tana kuma hana rana taɓa 'ya'yan, domin dankalin da ya yi kore yana da guba. Sabon shiga ya fi dacewa ya fara da mai saurin nuna, saboda yakan fita daga ƙasa kafin cutar ruɓar ganye ta iso da ɗumi da laimar Yuli da Agusta. Ita ce cutar da ta jawo yunwar Ireland daga 1845, kuma har yau tana zagaya lambuna.

Albasa a nan an fi shuka ta da ƙananan kawuna. Ka tura kowane a ƙasa mai laushi, tazarar santimita 10, ka bar tsinin kawai a waje. Tsuntsaye za su zo su tsittsige su, don haka ka rufe da raga har su kama.

Babban waken nan da 'yan'uwanmu na Sudan ke dafa ful da shi yana son sanyi, ana shuka shi daga Fabrairu zuwa Afrilu. Idan ya yi fure, ƙananan kwanso sun fara fita a ƙasa, ka tsinke kan kowane tushe, domin a nan baƙar darɓa ke taruwa. Karas da latas da alayyafon Turawa kuwa kaɗan-kaɗan ake shukawa, layi ɗaya duk bayan mako biyu ko uku, in ba haka ba su nuna maka rana ɗaya. Karas yana da wani ƙaramin ƙuda da ke bin ƙamshin ganyensa ya yi ƙwai a gindi. Ka yafa irin da tazara don kada ka yi ta cira, ka kuma lulluɓe layin da raga mai ƙananan ido.

Mataki na 5: Kayan miyarmu, waɗanda ba sa son sanyi

Nan ne zuciya ke rinjayar hankali. Rana za ta fito a Afrilu, mutum ya cire rigar sanyi, ya ɗauka lokacin tumatir ya yi. Dare ɗaya na daskarewar raɓa ya isa ya mayar da dashen wata biyu baƙi. A kudancin Ingila ana jiran tsakiyar Mayu zuwa ƙarshensa. A arewa da Scotland har farkon Yuni. Tambayi tsofaffin da ke maƙwabtaka da filinka, sun fi kowane littafi sanin yanayin wurin.

Waɗannan a cikin gida ake renonsu. Attaruhu ya fi kowa nawa, yana bukatar a shuka shi tun Janairu ko Fabrairu a wuri mai ɗumin digiri 25 ko fiye, kuma zai fi ba da 'ya'ya a ɗakin gilashi ko rumfar leda. Tattasai da gauta haka. Tumatir a Maris. Kabewa da masara a tsakiyar Afrilu, kowane iri a tukunyarsa. Ranar dashen masara kada ka ja dogon layi ɗaya. Ka dasa ta a dunƙule, layi huɗu ko biyar kusa da juna, domin iska ce ke kai garin fure daga furen da ke saman kara zuwa gemu, in ba haka ba zangarniyar ta fito da giɓi.

Alayyafo shi ne abin farin ciki. Yana yi a fili ba tare da rumfa ba, muddin an jira ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Mutanen Jamaika da na Bangladesh sun daɗe suna noma shi a lambunan Birmingham da Landan, kuma sau da yawa a hannunsu za ka samu irin da ya riga ya saba da ƙasar. Kuɓewa ba ta yi sai a rumfa, ita ma da lallashi. Yakuwa za ta ba ka ganyen miya a rumfa, amma kada ka sa rai da zoɓo, domin ba ta fure sai yini ya gajarta, lokacin kuwa sanyi ya riga ya dawo.

Kafin dashe, ka saba wa shukar da waje. Ka fitar da tukwanen da safe zuwa wurin da iska ba ta kaɗawa, ka shigar da su da yamma, haka har kwana 7 zuwa 14, sannan su fara kwana a waje. Ka ajiye farin mayafin lambu a kusa. Duk daren da hasashen yanayi ya nuna digiri 2 ko 3 da sararin sama garau, ka je ka lulluɓe.

Mataki na 6: Kulawar kowane mako

Babban ɓarawon lambun Ingila dodon koɗi ne, musamman marar ƙoƙo a baya. Da dare yake fita, ya share layin latas kafin asuba. An hana amfani da maganin metaldehyde a Birtaniya tun Afrilun 2022, wanda ya rage shi ne mai sinadarin ƙarfe, kuma kaɗan ake barbaɗawa. Ajiye katako a gefen fangali, da safe ka ɗaga ka kwashe waɗanda suka ɓuya. Ka yi ban ruwa da safe maimakon yamma, kuma ka dasa shuka bayan ta yi ƙwari, domin jaririyar ce suka fi so. Kabeji kuma raga ce maganinsa tun ranar farko, saboda manyan tantabarun daji da kuma farin malam-buɗe-littafi mai zuba ƙwai a bayan ganye. Ka ɗaure ragar ta miƙe sosai don kada tsuntsu ko bushiya su maƙale.

Ciyawa ana bin ta da fartanya tun tana zare-zare, a ranar da ƙasa ta bushe, a bar ta a sama rana ta kashe ta. Minti ashirin sau uku a mako ya fi yini guda a wata, kuma da yake an matsa agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, akwai hasken da za ka biya bayan tashi daga aiki.

Ban ruwa a yi shi a ƙoshe, a gindin shuka, sau ɗaya ko biyu a mako, don saiwa ta nutse ta nemi laima. Yayyafi kullum yana sa ta tsaya a sama. Wurare da yawa ba sa yarda da tiyo, sai dai ka ɗebo da buta daga kwami, don haka ka kafa ganga a ƙarƙashin indararon rumfarka tun Maris, lokacin da ruwan ke zuba. Idan Mayu ya ƙare, dashe ya kama, ka shimfiɗa taki ko yankakkiyar ciyawa a gindin tumatir da kabewa bayan an yi ruwa, ka bar ɗan fili tsakaninsa da karan don kada ya ruɓe.