Yadda Mai Digirin Kemistiri Zai Nemi Aiki Daga Zariya

Masu ɗaukar aiki a masana'antu ba su cika daɗewa kan sakamakon digiri ba. Abin da suke fara tambaya shi ne wace na'ura hannunka ya taɓa, don haka shiri tun lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke zuwa kafin su gama digiri, yake farawa.

Ka nemi wurin da kanka, kada ka jira a tura ka inda za ka wuni kana zaman kashe wando. Ga NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai, a Basawa, ga NILEST, cibiyar nazarin fasahar fata, a Samaru wajen masu jimar fata, ga ɗakunan gwajin ƙasa da taki na IAR, cibiyar binciken aikin gona ta ABU. Ka nace sai an bar ka ka haɗa samfur, ka kunna na'urar AAS ko UV, masu auna yawan sinadari a samfur, da hannunka, ka rubuta kowane mataki a littafinka.

Bayan haka sai ka ƙware a gwajin da ake biya a kansa. Masu fiya wata na buƙatar mai duba ruwa, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, tsakanin 6.5 da 8.5. Kafin awo sai an daidaita mitar pH da ruwan bufa, wato ruwan da aka riga aka san pH ɗinsa, na 4 da na 7, in ba haka ba lambar da ta nuna ba abin dogaro ba ce. A masana'antun man girki, irin na Dakace, gwajin kullum shi ne yawan asid a cikin mai: a narkar da man a barasar gwaji mai ɗumi, a ɗiga phenolphthalein, sinadarin da ke sauya launi, a riƙa sakin NaOH, ruwan soda mai kashe asid, mai ƙarfin 0.1 M har launi ya koma ruwan hoda. Nan sababbi ke faɗuwa. NaOH na zuƙar danshi da iskar CO2, ƙarfinsa na raguwa a kwalba, don haka wanda bai sake auna ƙarfinsa da KHP, sinadarin da ake gwada shi da shi, ba, zai samu asid fiye da yadda yake.

Da ka gama bautar ƙasa, ka yi rajista da ICCON, hukumar masana kemistiri da doka ta ba kula da sana'ar tun 1993. Mai son sa hannu a takardar shaidar gwajin abinci ko magani kuwa sai ya bi ta IPAN, hukumar da ke yi wa masu irin wannan gwajin rajista.

CV ɗinka kada ya wuce shafi biyu, sunayen na'urori da gwaje-gwaje a sama.

Zariya kaɗai ba za ta ɗauke masu fitowa daga ABU duk shekara ba. Ka shiga mota zuwa Kakuri a Kaduna, ko Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, ka nemi shugaban sashen tantance inganci ka miƙa masa hannu da hannu, domin takardar da aka bari wajen maigadi ba kasafai take shiga ciki ba. Guraben NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, kuwa ta sanarwar hukuma ake nema. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin gurbi ɗan damfara ne. In koyarwa za ka riƙe kafin nan, ka haɗa da PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai.