Cire manifol ɗin salansa a a-kori-kura: inda ake yin ɓarna da yadda ake gyarawa

Idan Hilux tana "cak-cak-cak" daga gefen inji da sanyin safiya, ƙarar ta ragu bayan ta ɗau zafi, a fara duba manifol ɗin salansa, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji ya kai shi bututun salansa. Ka haska tocila a mahaɗarsa da tof silinda, wato kan inji, za ka ga baƙin zanen hayaƙi daidai inda yake yoyo. Ko gasket ya ƙone, ko manifol ya tsage, ko sitod ya karye, wato ƙusar nan mai zare da ke dashe a jikin tof silinda. Kada a bar direba ya ci gaba da tafiya haka, domin hayaƙin da ke shiga gaban mota yana sa jiri da ciwon kai, yana kuma kisa.

Ɓarna ta farko gaggawa ce. Mai mota ya ɗauro albasa daga Aliero, yana tsaye a kan bakanike, sai a ɗora sifana da bututu a kan notin da ya shekara goma yana shan wuta da tsatsa. Nan take sitod zai ce ɓas. A bar inji ya huce sarai, musamman na fetur irin 22R, 3RZ da 2TR, waɗanda tof silindarsu alminiyam ce, zarenta na saurin zubewa da zafi. A goge zaren da burushin waya, a fesa WD-40, man sassauta tsatsa, tun da yamma, a sake fesawa da safe. A sa soket mai kusurwa shida, yawanci lamba 12 ko 14. Mai kusurwa goma sha biyu shi ke cinye kan noti. In ya ƙi, ka ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan ka dawo baya, gaba da baya har ya saki. In har yanzu ya kafe, a gasa notin kansa da wutar gas, ba sitod ba, bayan an kare tiyon mai da wayoyi. Ana kwancewa daga gefe zuwa tsakiya.

Kafin duk wannan a cire kan batir na nagetif, a cire faifan da ke tare zafi, a zare soket ɗin sensar iskar oksijin da ke hanyar hayaƙi kafin a juya ta, don kada wayarta ta murɗe ta tsinke daga ciki. A injin dizal mai tobo irin 2KD, a toshe bakin tobo da bututun mansa da tsumma mai tsabta. Washa ɗaya, zoben ƙarfen nan na ƙarƙashin noti, da ya faɗa ciki ya isa ya cinye fankar.

Sitod ya karye, to a nan ne ake gane hannu. In guntun ya leƙo waje, ko ya yi daidai da fuskar ƙarfe, hanya mafi aminci ita ce a ɗora washa, a yi masa walda da guntun, a ɗora noti a cika cikinsa da walda. A jira jan ya mutu, sannan a juya a hankali. Zafin waldar shi ke fasa tsatsar, kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam. A maƙala wayar at ta injin walda kusa da wurin, batir kuma a cire. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku, ba komai. Abin da ba ma so shi ne a rarumi diril a huda da ka. Ramin zai karkace ya ci zare, in kuma ya yi zurfi ya faɗa hanyar ruwan inji, an shiga sabon kashe kuɗi. In dole ne sai an huda, a buga fanci a tsakiya cif, a fara da baki na milimita 3, a naɗa salatif a jikinsa daidai zurfin ramin da ke kusa. Ƙaramin abin zaro guntu kuwa a yi hattara da shi: ƙarfensa ya fi bakin diril tauri, in ya karye a ciki aiki ya ninka.

Wata ɓarnar ita ce mayar da manifol ba tare da an auna shi ba. A kankare ragowar tsohon gasket, a ɗora rula ta ƙarfe a fuskarsa, a zura fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara, a ƙarƙashinta. A 22R, tazarar da ta wuce milimita 0.7 ta wuce iyaka. A kai shi wurin masu injin gyaran fuska ko a canza. Lanƙwasasshen manifol ko an sa sabon gasket wata nawa ne ya sake ƙonewa. Tsagewa kuma sau da yawa daga ruwa take, mota ta yi zafi ta faɗa kududdufi a hanyar fadama da damina. Manifol galibi ƙarfen zubi ne, waldar da ake yi wa ƙofa ba ta riƙe shi. Sai an huda ƙarshen tsagar biyu, an gasa shi duka, an yi da sandar nikel, an binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya huce a hankali.

Tsohon gasket ba ya komawa, ba a ninka biyu, ba a shafa masa gam. Notin da ya sha wuta a canza shi. A shafa man hana kamewa mai jan ƙarfe kaɗan a zare, a sa duk notocin da hannu tukuna, har da na mahaɗar bututun salansa, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo. Littafin 22R ya ce ƙarfin ɗaurin 44 Nm ne a awon sifanar. Kowane inji da nasa, a duba.

Abin da aka fi mantawa shi ne robobin rataye salansa, ƙarfen da ke tallafe bututu, da kujerar inji. In sun mutu, nauyin salansa duka na rataye a wuyan manifol, kuma gargadar hanya irin ta Gusau zuwa Ɗansadau za ta sake karya sitod ɗin baya. Bayan an gama, a tayar da inji da sanyi, a kai hannu kusa da mahaɗar ba tare da taɓawa ba, a ji ko iska na busowa. Mota ta yi aikin kwana biyu, a dawo da ita da sanyin safiya a sake bin notocin.