Kafin Marka Ta Kankama: Yadda Ake Bin Yoyon Ɗaki

A Kano ruwan gaske daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, Agusta kuma ita ce marka. Shi ya sa nake fara duba gidanmu tun a Afrilu, lokacin da rufi yake a bushe, aiki kuma bai yi wa kafintoci yawa ba.

Abu na farko, inda ka ga silin ya yi tabo ba lallai nan ne ramin yake ba. Ruwa yakan shiga ta can sama, ya bi jikin katako, sai ya gangaro ya ɗiga a wani wurin. Ka leƙa cikin silin da rana tsaka. Duk inda ka hango haske yana shigowa, ka zura tsinke ta ciki, don ka gane wurin idan ka hau.

Hawa kuma da safe ake yi, kafin kwano ya ɗau zafi, ba a kan jiƙaƙƙen rufi ba. Ka riƙa taka layin ƙusa, domin nan ne katako yake a ƙasa. Don Allah ka lura da wayar wuta.

Yawancin yoyon da nake gani daga ƙusa ne. Ƙusar kwano a kan tudun kwanon ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Wadda ta yi tsatsa ko ta ɗago, cire ta, ka sa sabuwa mai hula da roba. Ƙaramin rami kwalta ta ishe shi, amma sai ka kankare tsatsar, ka goge ƙura. Fallen da ya ruɓe kuwa, canja shi kawai. Sai mahaɗar kwano da bango: nan siminti ke tsagewa, ruwa ya bi bango har cikin ɗaki, mai gida yana ta zargin kwano.

Soron ƙasa nasa daban ne. A cire ciyawar da ta tsiro, a cike tsaga, a sabunta yaɓe, da makuba, wato haɗin ɓawon ɗorawa da ke ƙarfafa yaɓe, idan an samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ba na goyon bayan shafa siminti a kan ginin ƙasa: yakan saki, ruwa ya maƙale a bayansa yana cin bangon, ba wanda ya sani sai azara ta fara nauyi. Indararo kuma ya zama dogo, ya jefa ruwa nesa da gindin katanga.

Da ka sauko, ɗauki bokiti ka watsa ruwa a tsakar gida. Idan bai nufi rariya da kansa ba, gangaren ne ya ɓaci, sai birkila ya gyara dabe. Sa raga a bakin rariyar don ta tare leda da shara.

Kwatar ƙofar gida, ku haɗu da maƙwabta ku yashe ta tun daga sama har inda ta faɗa babban lambatu, don idan ka yashe taka, ta ƙasa kuma tana toshe, gidanka ruwan zai dawo. Yashin da ledojin da kuka fitar, a kwashe su a baro ran nan. Idan aka bar su a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da su ciki.